An Hana Tagar Inna Ruwa

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyalinka da aiki. Iyakar gaisuwar da zan iya ke nan yau.

Da gangan nake ƙin ɗaga wayarka, kada ka ɗora wa layi laifi. In na ji muryarka, abin da zai fito daga bakina bai dace da 'yan ciki ɗaya ba, shi ya sa na ajiye ɗinkin mutane na zauna rubutu, in na gama in ɗauki hoton takardar in turo maka.

Inna ta faɗi, ta karye a wuyan hannun dama. Kuma tagarka ce ta kayar da ita.

Lokacin da ka aiko da allon talabijin ɗin nan mai faɗin rabin bango, ka sa kafinta ya zagaye shi da katako, ka ce in ɗinka masa labule ya zama kamar taga, ban yi maka musu ba. Tagar ɗakinta ta gaskiya bangon maƙwabta take kallo, ciwon mantuwa kuma ya kai ta inda sai ta wuni ba ta ce uffan ba. Da ka kunna, tsohuwar gonarmu ta fito, ga tudun, ga rafin, ga mangwaron da ke bakin hanya, duk ka ƙera su a kwamfuta, har ni sai da na share hawaye. Inna ta fara magana. Wannan na yaba maka, ba zan ci haƙƙinka ba.

Amma wa ya aike ka ka sa ruwan sama? Jiya da la'asar ina kan keken ɗinki ina kalmashe bakin wata riga, sai na ji cida daga ɗakinta. Na leƙa tsakar gida, rana fayau. Kafin in gane cewa daga lasifikarka ƙarar take fitowa, sai na ji Inna tana ƙwala kira: "Shanya! Ku kwashe shanya, ga hadari nan!" Tsohuwar da sai an kama ta take miƙewa, ita ce ta zabura da kanta ta nufi ƙofa. Ƙafarta ta harɗe da tabarma. Ina ɗaga ta tana nishi, bayanmu kuma ruwanka yana zuba kamar da bakin ƙwarya, ko ɗigo ɗaya bai taɓa kowa ba.

Baban yara ne ya ɗauke ta a hannu har mota. A asibiti likita ya tambayi yadda aka yi, na rasa ta inda zan fara. In ce masa ƙanina yana can wata uwa duniya yana saukar mana da ruwa a cikin ɗaki?

Ka cire ruwan nan. Ka cire hadarin, da tsawar, da walƙiyar, ka bar mata rana da shuɗin sama. Ba shawara nake ba ka ba. In ba ka cire ba zan sa a ɓalle allon daga bango, in ba yara su kalli ƙwallo.

Na bar ka lafiya.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina yi mana jaje. Allah ya ba Inna lafiya, ya saka miki da Baban yara da alheri. Na kira ki har na gaji, sai Baban yara ne ya tausaya mini ya faɗa mini yadda hannun yake.

Yaya, kin rubuta kamar wasa na zauna ina yi da mahaifiyata. Wannan aikin shi nake ci da shi. Masu fim da masu wasannin kwamfuta ni suke nema in suna son a yi musu hadari a kan dutsen da babu shi a duniya. Amma ban taɓa yi wa kowa aikin da na yi wa Inna ba. Ruwan da kike cewa in cire kamar ana cire maɓalli a riga, ba layukan fari ba ne na zana suna saukowa. Ido ba ya yarda da wannan. Abin da ke sa mutum ya yarda ana ruwa shi ne iskar da ke fara juya ganye kafin ya sauko, da hasken da ke komawa ruwan ɗorawa, da ƙasar da ke yin duhu tabo-tabo kafin ta jiƙe gaba ɗaya. Kowane ɗigo sai na'ura ta lissafa inda zai faɗi da yadda zai fallatsa. Tsawar ma na jinkirta ta bayan walƙiya daidai da nisan tudun. Watanni na yi a kan wannan bayan na tashi daga aikin ofis.

Kin san kuma me ya sa na sa shi? Farkon da na kunna allon babu komai sai rana, ke da bakinki kika ce mini ta kalla kwana biyu ta kawar da kai, ta ce hoto ne. Sai da gajimare ya fara tafiya, inuwarsa tana ratsa gona, sannan ta ja kujera ta zauna. Wurin da yanayinsa ba ya sauyawa matacce ne, ko mai ciwon mantuwa ya san haka.

Laifin da na yarda nawa ne shi ne ban gaya miki damina ta kama a cikin gonar ba. Amma ita tabarmar da ta harɗe ta, ba ni na shimfiɗa ta a bakin ƙofa ba.

Duk da haka ke ce babba, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kin ce a cire ruwa, na cire. Na mayar da shi sifili, ban taɓa komai ba bayan wannan. Daga yau sama ba za ta sake zubar da ko yayyafi ba sai ranar da kika ba ta izini.

Ki gaishe da Baban yara da yara. Ki shafa mini kan Inna.

Ƙaninki

*

Malam Mai Hadari,

Salama da gaisuwa. Na ga takardarka, na karanta darasin ɗigon ruwa har ƙarshe, Allah ya ƙara ilimi.

Maganar tabarma kuwa, na ji. Ni na shimfiɗa ta, ni na wanke ta, ni nake kwana a kanta a gefen gadon Inna don kada ta tashi ba kowa. In kana da wurin da ya fi dacewa a ajiye ta, zo ka nuna mini da hannunka.

Hannu yana sauƙi. Tun da ka rufe famfon naka gida ya yi lafiya, tana zaune tana kallon gonarta, ni ina ɗinkina. Ka ga ashe ba a mutu ba.

A gaida matarka.

Yayarka

*

Auta,

Sallama ce kawai, ba don raina ya so ba.

Me ka yi wa gonar nan? Ka gaya mini gaskiya, me ka yi mata?

Da farko ban lura ba, ni ba zaman kallo nake yi ba. Abin da na fara gani shi ne Inna ta rage ci. In na kai mata abinci sai ta ce ta ƙoshi, in ajiye za ta ci an jima. In na dawo kwano ya zama wayam, sai in yi hamdala. Ranar da na zo sauya zanin gado wari ya buge ni. Na ɗaga katifa, Auta. Burodi ne a nannaɗe cikin ɗankwali, shinkafa a cikin safa, dafaffen ƙwai a aljihun rigar sanyi, wasu har sun yi funfuna. Ta kama hannuna da hannunta mai lafiya, da ƙarfin da ban san tana da shi ba, ta ce, "Baiwar Allah, kada ki taɓa, na yarana ne. Ba ki ga shekarar ba?"

Sai ta nuna mini taga. A ranar na tsaya na kalle ta da kyau. Shukar da ta kai gwiwa duk ta yi yaushi ta kwanta. Ciyawar tudu ta ƙone. Rafin ya koma wani siririn zare a tsakiyar yashi, ƙasar bakinsa ta daddare. Sama kuwa shuɗiya tas, kamar yadda na ce ka yi. Fari ka saukar wa uwarka a cikin ɗaki.

Kai ba ka sani ba, kana goye a bayanta shekarar da aka yi farin gaske. Ni na sani. Ina da wayona lokacin da take zuba mana abinci ta koma gefe tana lasar baki, ta ce ita ta ci tun a wurin girki. Ƙarya take yi, kuma na gane ƙarya take yi, na ci nawa na yi shiru domin yunwa ba ta san kunya ba. Yau ga shi ta dawo da wannan ƙaryar, da kalmominta ɗaya bayan ɗaya, a gidan da buhun shinkafa yake jingine a bayan ƙofa.

Babu abin da ban gwada ba. Baban yara ya jawo buhun har gabanta, ta ce na mutane ne, a mayar musu kafin a ce mun yi sata. Na kashe allon, ta fashe da kuka wai an toshe mata taga, ta wuni fuskarta a bango ko ruwa ba ta karɓa ba, dole na sake kunnawa. Na tura mata kujera har tsakar gida ta ga sararin Allah na gaskiya, ta ce wannan garin wasu ne, a mayar da ita gida.

Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ni da nake yi mata wanka, nake yanke mata farce, ba ta yarda da maganata ba. Ta fi yarda da gilashin da ka aiko a kwali.

Likita ya zo ya auna ta, ya yi mata ƙarin ruwa. Ya ce in ta ci gaba a haka sai dai a kwantar da ita a zura mata roba ta hanci. Ka san Inna, sai an ɗaure ta kafin ta bari, ni kuwa ba zan tsaya ina kallo a ɗaure uwata a gadon asibiti ba.

Ka ce sama ba za ta zubar ba sai na ba ta izini. Ashe da biyu ka faɗa. Ka san abin da zai faru, ka zuba mini ido in zo in roƙe ka. To ga shi na roƙa, ka ji daɗi. Ka sakar mata ruwa yau.

Yayarka

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na karanta takardarki a tsaye a bakin ofis.

Wallahi ban yi da biyu ba, kuma ban yafe miki wannan zargin ba tukuna. Amma ba zan ce ban san yadda na gina abin ba. Gonar nan ba hoto ba ce mai motsi. Ƙasarta tana riƙe danshi, rana tana shanye shi, shuka tana sha daga abin da ya rage, rafi yana cika ko ya ragu da abin da ya gangaro daga tudu. Na kuma sa shukar tana saurin girma fiye da ta gaske don Inna ta riƙa ganin sauyi. Abin da ya kamata in yi shi ne in tsayar da lissafin danshin inda yake. Ban yi ba. Ina cikin fushi da ke na murɗe ruwa na rufe kwamfuta, na ce ba zan sake leƙa gonar ba sai kin nemi afuwa. Ita kuwa na'ura ba ta san fushi ba, ta ci gaba da lissafinta.

Yanzu ki saurare ni, ko da kina zagina. Ba zan saki ruwa yau ba. In ya zubo haka kawai daga shuɗin sama a kan busasshiyar ƙasa, Inna ba za ta yarda ba, ta fi ni da ke sanin yadda ruwa yake zuwa. In kuwa ta daina yarda da tagar, ba mu da wata hanyar isa gare ta. Yau zan tayar da iska kaɗan in sa farin gajimare a bayan tudu. Gobe da safe zai yi kauri, za ta ji cida can nesa. Da la'asar ruwa zai sauko.

Ke kuma ga naki aikin. Kafin hadari ya haɗu ki kwaso kaya a ninke ki shiga da su a gabanta, ki ce an kwashe shanya. Ki ɗauke tabarmar. Ki zauna kusa da ita, hannunki a kan gwiwarta.

Kin ce in zo in nuna miki da hannuna. Kina ganin ban san abin da kike nufi ba? Bari in faɗa miki abin da ban faɗa wa kowa ba. Zuwana na ƙarshe, kina kasuwa, na shiga na durƙusa na gaishe ta. Ta ja jakarta ta rungume, ta ce, "Bawan Allah, wa kake nema? Maigidan ba ya nan." Na ce ni ne Auta. Ta fara ihu ɓarawo, har maƙwabta suka leƙo. Na fita na zauna a mota na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne Baba. Ban gudu don na raina wahalarki ba. Gonar nan ita kaɗai ce hanyar da zan shiga ɗakin ba ta ji tsorona ba.

Ki rubuto mini duk abin da ya faru.

Ƙaninki

*

Auta,

Amincin Allah ya tabbata gare ka. Ka ce in rubuto duk abin da ya faru, to ga shi.

Amma kafin nan, maganar kukanka a mota. Allah sarki. Sau ɗaya ta ce maka bawan Allah ka tattara ka bar gari. Ni kullum gari ya waye da baiwar Allah take karɓata. Ta taɓa watsa mini shayi mai zafi wai na zo satar zaninta, na je na sauya riga na dawo na dafa wani. Ni ba ni da motar da zan shiga in yi kuka, a banɗaki nake yi in wanke fuska in fito.

Aikinka dai ya yi, ba zan ɓoye ba. Tun jiya da gajimaren ya leƙo ta kafa masa ido, tana motsa baki tana addu'a. Yau da cida ta fara sai ta ɗaga yatsa ta ce in yi shiru. Na shigo da kaya a ninke kamar yadda ka ce, ta gyaɗa kai ta ce, "Kin kyauta, 'yar nan." Haske ya sauya, ganyen mangwaron ya juya bayansa, ƙasa ta fara yin tabo. Ni da na san ƙarya ce sai da na ji kamar zan ji ƙanshin ƙasa. Da ruwan ya kece, Inna ta ɗaga hannunta mai ɗauri ta yi ta hamdala, hawaye yana bin kuncinta. Ta juyo ta ce, "A fito da abinci, a dafa da yawa, kowa ya ci ya ƙoshi."

Na ruga na zubo mata. Ta sa na kira yara, ta raba musu da kanta. Ta ɗebo nata, ta kai shi dab da baki. Sai ta tsaya tana bin mu da ido ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, "Ina Auta?"

Rabon da sunanka ya fito daga bakinta har na manta. Na ce kana nan lafiya, ta ci abincinta. Ta mayar da lomar cikin kwano ta ce, "Ana wannan ruwan yaro yana waje, ku kuna zaune kuna ci? Ku nemo shi. Ba zan sa komai a bakina ba sai ya shigo."

Ta rufe kwanon da faranti ta ajiye a gefenta. Ruwanka ya ɗauke, rafinka ya cika, kwanon yana nan a rufe. Na yi lallashi, na yi faɗa, Baban yara ya ce ka je gidan aboki ne ka fake. Ta ce to za ta jira.

Likita zai dawo jibi da robarsa.

Yayarka

*

Yaya,

Salama da gaisuwa, a gurguje.

Na samo dabara. Ina da hotunana na ƙuruciya, zan iya ƙera yaro in sa shi ya gangaro daga tudu a guje, ya wuce ta gefen taga kamar ya shiga gida. Ke kuma sai ki ce mata ya shigo, yana sauya kaya. Zan gama kafin gobe da rana. In na zo da kaina ba za ta gane ni ba, Yaya, ihu za ta yi, mu ƙara ɓata abin.

Ƙaninki

*

Auta,

Wa alaikas salam.

Kada ka kuskura ka zana mata yaro. Tun jiya ta sa na juya mata kujera, ta ba tagarka baya. Ƙofa take kallo.

Wataƙila ta gane ka, wataƙila ta yi ihu. In ta yi ihu ka fita ka sake shigowa, haka muke yi a nan.

Na ɗumama abincin, na mayar da farantin a kai. Ban sa sakata ba.

Allah ya kawo ka lafiya.

Yayarka